Tambayi Likita: Iyo, Keke da Gudu a Yini Ɗaya

Tambayoyin wannan makon sun taru ne a kan gasar nan mai zango uku, wadda ake fara ta da iyo, a hau keke, a ƙare da gudu. Mafi tsawonta da aka fi sani ita ce Ironman, wadda aka fara a Hawai ta Amurka a 1978: iyon kilomita 3.8, keke kilomita 180, gudu kilomita 42.2, kuma galibi awa 17 ake ba mutum ya kammala.

Likita, barka da aiki. Shekarata 38, ma'aikaci ne ni, don sha'awa nake motsa jiki. Na je Afirka ta Kudu na yi cikakkiyar gasar, na gama cikin awa 14 da ɗoriya. Saboda tsoron ƙishirwa, duk wurin ba da ruwa sai na sha, ko ban ji ƙishi ba. Tun ina kan keke yatsuna suka kumbura. Da na fara gudu kaina ya ɗau ciwo, na yi amai, sai na haɗiyi diclofenac. Washegari fitsarina ya koma launin baƙin shayi, sai bayan kwana uku ya washe. Zan iya sake shiga baɗi?

Malam, barka da arziki. Matsala biyu ce ta same ka a rana ɗaya, kuma kowacce tana iya kai mutum gadon asibiti.

Ta farko ita ce ƙarancin gishiri a jini. Mai gudu yana zubar da ruwa da gishiri a zufa. Idan ya yi ta ɗura ruwa zalla fiye da wanda yake fita, sai sinadarin sodiyam ɗin jininsa ya tsinke, kamar miyar da aka cika wa ruwa. Da zarar ya sauka ƙasa da 135 a ma'aunin asibiti, ruwa ya fara kutsawa cikin ƙwayoyin jiki, har da na ƙwaƙwalwa. Kumburin yatsu, ciwon kai da amai da ka faɗa duk alamunsa ne. In ya tsananta sai ruɗewa, jijjiga da suma. Ba kuma baƙon abu ba ne: a gudun fanfalaki na Boston na 2002, kashi 13 cikin ɗari na waɗanda aka auna jininsu an same su da shi. Ya fi kama irinku masu daɗewa a hanya, don kun fi zakarun gasa samun lokacin tsayawa shan ruwa.

Maganinsa shi ne ka sha idan ka ji ƙishi. A lokacin atisaye ka riƙa hawa sikeli kafin ka fita da bayan ka dawo. Raguwar nauyi kaɗan ba komai ba ce, amma idan nauyinka ya ƙaru bayan doguwar tafiya, ruwan ya yi yawa.

Ta biyu ta fi damuna. Baƙin fitsari bayan wahala irin wannan yakan nuna cewa tsoka ta farfashe, sinadarin cikinta ya zubo cikin jini, ƙoda tana fama da tace shi. Ana cikin haka kuma ka ƙara mata diclofenac, wanda shi da ibuprofen da danginsu suna rage jinin da ke isa ƙoda. Ranar da ka ga wannan fitsarin ya kamata ka je asibiti, ba ka zauna jiran ya washe ba. Ko yanzu ka je a yi maka gwajin aikin ƙoda da na fitsari. Idan sun fito lafiya, ban hana ka komawa ba, amma kada irin waɗannan magunguna su sake shiga aljihunka ranar gasa.

Ban ji ka ambaci abinci ba, alhali shi ne ginshiƙin yinin. Sukarin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta ba ya wuce awa biyu ana aiki tuƙuru. A doguwar gasa ana so mutum ya riƙa samun giram 60 zuwa 90 na sitaci ko sukari daga abincinsa kowace awa. Dabino da ayaba suna aiki, a haɗa da ɗan abu mai gishiri. Duk abin da za ka ci ranar, cikinka ya riga ya saba da shi tun a atisaye.

Likita, shekarata 47, ina shan maganin hawan jini. Na iya keke da gudu, ina so in gwada rabin gasar.

Alhaji, rabin ma ba wasa ba ne: iyon kilomita 1.9, keke 90, gudu 21.1. Mutane sun ɗauka gudun ne ya fi haɗari, amma binciken da aka yi a Amurka kan gasannin 1985 zuwa 2016 ya nuna cewa kusan kashi biyu cikin uku na mace-mace da tsayawar zuciya a cikin ruwa suka faru, kuma yawancinsu maza ne masu matsakaicin shekaru. Sanyin ruwa, cunkoson jama'a da fargabar farawa suna haɗuwa su matsa wa zuciya, kuma wanda ya some a ruwa ba a saurin ganinsa.

Ka fara da likitanka. A tabbatar jinin ya daidaita, a yi maka awon bugun zuciya, a duba sukari da kitsen jini. Ka faɗa masa niyyarka, domin in maganinka irin mai sa fitsari ne, yana iya ƙara maka asarar ruwa da gishiri. Ciwon ƙirji, jiri, haki fiye da kima, ko labarin wani a danginku da ya faɗi ya rasu yana matashi, duk dalilai ne na dakatawa sai likitan zuciya ya gan ka. Iyo a tafkin wanka na otal kuma daban yake da iyo a teku. Ka koyi na biyun tare da masu tsaro kafin ranar gasa.

Likita, ni AS ce. Ƙawayena sun ce in haƙura da dogon gudu.

'Yar'uwa, AS, wato gadon ƙwayar halittar sikila daga ɗaya cikin iyaye kawai, ba ciwon sikila ba ne, kuma kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi. Akwai 'yan wasa da yawa masu shi. Sai dai idan aka haɗa zafin rana, ƙarancin ruwa da tilasta wa jiki lokaci guda, ƙwayoyin jini suna iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi. Ki ƙara nisa sannu a hankali, ki fita da asuba a watannin zafi, kada ki yi atisaye kina zazzaɓi. Idan ƙafafunki suka saki, ko numfashi ya gagara, ki tsaya nan take a nemi taimako, kada ki ce sai kin ƙarasa. Ki kuma sanar da masu ba da agajin gasar tun kafin a fara.

Likita, babu wurin iyo a garinmu, a dam nake atisaye.

Ka kiyayi tsargiya. Tsutsarta tana fitowa daga dodon-koɗin ruwan dam da kududdufi, ta huda fata ko da ba ka sha ruwan ba. Tunda ka riga ka shiga, je ka a gwada fitsari da bayan gida ko ba ka ga jini ba. Maganin praziquantel yana kashe ta, amma ba ya hana sake kamuwa idan ka koma ruwan. Ka nemi tafkin wanka mai sinadarin kilorin ko da a babban gari ne, sau ɗaya ko biyu a mako, kuma kada ka shiga ruwa mai zurfi kai kaɗai.