Lambar 070 ba ta wayar hannu ba ce, ni ma ta taɓa cinye min kuɗin haya

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da mafi alheri. Ka ce ka ga tallar mota a wani shafin saye da sayarwa, ka buga lambar da ke jikin tallar wadda ta fara da 070, kuka yi ta ciniki da mai motar, sai ga kamfanin layinka ya ɗora maka kuɗi a kan bil alhali kana da mintunan kira marasa iyaka. Kana tambaya ko mai motar ne ya cuce ka, kuma ko akwai yadda za a yi kuɗin su dawo. Wallahi tun da na karanta raina ya ɓaci, domin irin wannan lambar ta taɓa jefa ni halin da har yau ba na son tunawa.

Da farko ka daina kiran lambar. Ko da ya kira ka ya katse, kada ka mayar.

A nan Ingila lambobin wayar hannu suna farawa da 071 zuwa 075, sai 077, 078 da 079. Ita 070 babu sim a bayanta. Lamba ce ta tura kira: wani kamfani ne ke riƙe da ita, kana bugawa sai ya miƙa kiran zuwa ainihin wayar mutumin, ta gida ce ko ta hannu, ko da kuwa yana wata ƙasa. Kai da ka buga, kai ne za ka biya kuɗin turawar. Mu da muka taso da 0703 da 0706 na MTN, da 0705 na Glo, da 0708 na Airtel, idonmu ya riga ya saba. Lamba goma sha ɗaya a can, goma sha ɗaya a nan, ta fara da 070, wa zai tsaya yana tantama? Su kansu 'yan ƙasar suna faɗawa, balle mu.

Nawa ya faru a 2017. Ina karatu, ina aikin dare a wani sito, awa ashirin ɗin nan a mako da bizar ɗalibi ta yarda da su, iyalina kuma sun kusa isowa, ga ɗakin da nake ciki ko ni kaɗai da ƙyar. Kullum na tashi daga aiki sai in zauna a tashar bas ina bin tallace-tallacen gidajen haya. Na ga wani mai ɗaki biyu, hotuna tsaf, kuɗin ƙasa da na sauran, unguwar kuma akwai masallaci da shagon halal. Na buga. Mutumin da ya ɗauka, ban taɓa jin mai daɗin baki irinsa ba. Ya tambaye ni daga ina nake, ya ce yana da abokai 'yan Najeriya. Ya tambayi shekarun yarinyata, ya ce akwai makaranta mai kyau a bayan layin. Sai ya ce in riƙe layi zai duba littafinsa ya ga ranar da zan zo ganin gida. Ya ajiye ni, ina jin motsin takardu. Ya dawo ya ce in karanto masa sunana harafi bayan harafi, sai adireshina, sai sunan makaranta, sai wurin aiki. Ya sake cewa in riƙe, wai mai gidan na kan ɗaya layin. Daga ƙarshe ya ce in sake kira gobe. Gobe ta yi, wani sabon zance. Duk lokacin da na ce ya turo min adireshin gidan ta tes, sai ya ce dokar kamfaninsu ta hana, komai ta waya ake yi. Shi kuwa bai taɓa kirana ba, kullum ni ke kira.

Abin da ya fi ci min rai, ya ji ina da 'yar ƙaramar yarinya. Ya ji na ce dare nake kwana a tsaye. Na faɗa masa da bakina cewa matata ba ta taɓa barin gida ba, ina so ta iso ta tarar da wurin da za ta sa haƙarƙarinta. Ya ce min kada in damu, gidan nawa ne. Yana faɗin haka yana ƙirga mintuna. Babu gida, babu mai gida, hotunan ma daga wata talla aka kwaso su. Ban yafe masa ba, kuma ba na jin zan yafe. Akwai ranar da za mu tsaya.

Ranar da bil ya fita, kamfanin waya ya zare kuɗinsa kai tsaye daga asusuna kamar yadda ya saba, sai dai a wannan karon abin da ya zara ya haura fam ɗari. Ni ban ma sani ba. Na shiga kanti na ɗebi shinkafa da mai da madara, na sa kati, na'ura ta ƙi. Na sake sawa ta ƙi. Layi a bayana, matar da ke kan na'ura tana kallona, na ce mata bari in je in dawo, na bar kayan na fita. Washegari kuɗin hayar ɗakina ya zo fita bai samu cikakke ba, banki ya mayar, mai ɗakin ya kira ni yana faɗa min maganganun da ko a gida babu wanda ya taɓa faɗa min. A daren nan matata ta kira tana murna, tana tambaya ko gidan yana da tagar da rana ke shiga. Na ce mata ana nan ana dubawa. Da muka ajiye waya na zauna a bakin gado, hawaye suka zubo min. Sai da na ranci kuɗi a hannun wani bawan Allah da muke sallar Juma'a tare, Allah ya saka masa da Aljanna, bai taɓa tayar min da zancen ba har na biya shi.

Kan tambayarka ta mai motar: ba lallai ne shi macuci ba ne. Wasu shafukan talla su ne ke ba mai kaya wannan lambar, su ce masa don a ɓoye lambarsa ta gaskiya, kada 'yan damfara su dame shi. Mutum ya ga kyauta ce ya karɓa, bai san masu kiransa ake yanka ba. To amma ni a nan ne nake ganin zaluncin ya fi girma. In mai kaya na son sirri, shi ya kamata ya biya kuɗin sirrinsa, ko shafin ya biya. Ta yaya za a ce talakan da ke neman tsohuwar mota ko ɗakin haya shi zai biya? Tamkar dillali ne ya tsaya tsakaninka da mai kaya, ya zira hannu a aljihunka ya ɗebi la'ada, ba tare da ya faɗa maka nawa ba. In ma sun rubuta farashin, sai ka same shi can ƙasan shafi da ƙananan haruffan da babu mai karantawa. Yadda za ka gane naka: in ka ce ya ba ka lambarsa ta gaskiya ko ya kira ka da kansa ya yarda nan take, to mai yiwuwa shi ma bai sani ba, ka faɗa masa ya cire ta. In ya fara kewaye-kewaye, yana ka riƙe layi, yana ka sake kira anjima, rabu da shi da motarsa.

A lokacin da nawa ya faru wasu kamfanonin suna cajin sama da fam ɗaya a minti. Ofcom, hukumar da ke kula da harkar sadarwa a nan, ta shiga maganar, daga 1 ga Oktoba 2019 ta ƙayyade abin da masu riƙe da lambobin 070 za su caji kamfanonin waya, ta daidaita shi da na wayar hannu, domin wannan kuɗin ne ke kwaɗaita wa 'yan damfara sa tallar aiki ta bogi da kiran da ake katsewa. An samu sauƙi sosai, wasu kamfanonin ma sun sa 070 cikin mintunan kwantiragi. Amma abin da za a caje ka kai mai kira, kamfanin layinka ne ke yankewa, kuma ba duka ne suka sa ta cikin mintuna ba. Shi ya sa har yanzu ake samun irin naka.

Kuɗin kuwa, ka nema, kada kunya ta hana ka. Mutanenmu da yawa sai su ce ƙaddara ce su yi shiru, kamfanonin kuma da shirun nan suke ci. Ka ɗauki hoton tallar yanzu-yanzu tun kafin a goge ta, a ga lambar, a ga ko an rubuta farashin kira ko ba a rubuta ba. Ka nemi bil mai dalla-dalla wanda ke nuna kowane kira da tsawonsa. Sannan ka rubuta wa kamfanin ƙorafi a rubuce, ba ta baki kawai ba. Ni yarinyar da na fara samu a waya cewa ta yi ai ni na buga da hannuna, babu abin da za su iya. Ta maimaita min haka cikin wata murya kamar tana magana da wanda ba ya jin Turanci. Na ce ta haɗa ni da na gaba da ita, ta ce ba ya nan. Sai da na rubuta, na haɗa da hoton tallar, na ce ina so a shigar da shi a matsayin ƙorafi a ba ni lambarsa, kana aka mayar min da wani ɓangare, wai don kyautatawa. Ba duka ba, amma ya rage zafi.

In sun ƙi, ka ce su ba ka wasiƙar da ke nuna kun kasa daidaitawa, wadda suke kira deadlock. Kowane kamfanin waya dole yana ƙarƙashin ɗaya daga cikin masu sasanci biyu, CISAS ko Communications Ombudsman, kuma kai ƙara wurinsu kyauta ne. A lokacina makonni takwas ake jira in ba a ba ka wasiƙar ba. Ita Ofcom ba ta bin shari'ar mutum ɗaya, amma tana tara ƙorafi, don haka ka sanar da ita. In rubutun ya yi maka nauyi, je Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara, ba sa karɓar ko kwabo. Abu ɗaya dai, don Allah kada fushi ya sa ka tsayar da biyan bil ɗin gaba ɗaya. Za su rubuta ka cikin masu ƙin biyan bashi, gobe ka zo neman gida ko kwantiragi abin ya tare ka. Ka biya wanda babu gardama a kansa, ka yi jayayya a kan sauran.

Kuma ka shiga manhajar layinka yau ka sa iyakar kashe kuɗi. Tun Oktoba 2018 doka ta wajabta musu ba ka wannan damar a sabon kwantiragi ko wanda aka sabunta. Nawa a sifili yake, na matata ma haka, duk kiran da ba ya cikin mintuna ba ya shiga. Ba 070 kaɗai ba ce, ka kula da 084 da 087 da 09, su kuɗi biyu ake haɗa maka, na kamfanin layinka da na wanda ka kira. 0800 da 0808 kyauta ne, 03 kuma daidai take da lambar gida. Akwai ma wasu da ke farawa da 07 na tsibiran Jersey da Guernsey da Isle of Man, irin 07624, waɗanda wasu layukan ba sa ƙirgawa cikin mintuna. Wayoyin gefen gado a asibitoci ma an daɗe ana haɗa su da 070, ka ga mutum yana kiran mahaifiyarsa da ke kwance ana tatsarsa. Wannan kam ban san da wace zuciya ake cin kuɗinsa ba.

Ku faɗa wa 'yan gida su ma. Duk wanda aka turo wa lamba mai farawa da +4470, wato 070 ɗin nan in daga waje za a buga ta, aka ce ofishin Landan ne, wai aiki ko biza ko gado, ya sani mai ɗaukar wayar yana iya kasancewa a ko'ina a duniya. 'Yan damfara sun daɗe suna fakewa da ita. Sababbin zuwa kuma masu neman ɗaki, kada ku tura wa kowa sisi kafin ƙafarku ta taka cikin gidan. A Ingila tun Yunin 2019 kuɗin riƙe gida ba ya wuce hayar mako ɗaya, kuɗin ajiya kuma ba ya wuce na mako biyar a irin gidajen da muke kamawa. Wanda ya nemi fiye da haka, ko ya ce yana ƙasar waje zai aiko da makulli, ɓarawo ne.

Motar kuma, in har yanzu ranka na kanta, ka tura masa saƙo ta cikin shafin ka nemi lambar motar. Da ita za ka duba tarihin MOT ɗinta, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, kyauta a shafin gwamnati, ka ga ko mil ɗin da ya rubuta ya yi daidai da wanda aka yi ta rubutawa duk shekara. Ka je da wani, da rana, ka ga takardar rajistar motar, wato V5C, da idonka, adireshin da ke jikinta ya zama nan ne kuke tsaye. In ka zo rubuta ƙorafin ka yi min magana, wasiƙar da na yi amfani da ita tana nan, sai in turo maka ka canza abin da ya kamata.