Filin Tambaya da Amsa: Wanda ya fito daga gidan yari zai iya riƙe aiki a ikilisiya?

Tambaya, daga wani dattijon ikilisiya a Asawase, Kumasi: Muna da ɗan'uwa da ya yi shekara huɗu a gidan yarin Nsawam saboda ya ci kuɗin maigidansa a kasuwar Kejetia. A can ya tuba. Wata takwas ke nan da fitowarsa, ba ya fashin sujada, kuma duk cikinmu ba wanda ya kai shi iya lissafi. Ma'ajinmu ya koma Tamale. Wasu sun ce a ba shi, tunda Allah ya gafarta masa, mu su wane ne? Wasu sun ce hali zanen dutse, ko tsintsiya kada a ba shi. Kan dattawa ya rabu. Mene ne mafita?

Amsa: Baba, sannu da ɗawainiya. Ɓangarorin biyu kowa ya kama gefen gaskiya ya saki ɗaya gefen. Abubuwa uku ne suka cakuɗe muku: gafara, zumunci, da amana. Gafara ya same ta ranar da ya tuba, cikakkiya, ba a biyan ta kashi-kashi. Zumunci ma nasa ne tun yau: ya zauna inda kowa ke zama, ya ci Jibin Ubangiji, a ci abinci a gidansa. Amana ita ce ake ginawa da kwanaki, kuma ginin nan ma aikin alheri ne. Titus 2:11-12 ya nuna cewa alherin da ke ceton mutum shi ne kuma yake horar da shi ya rabu da mugayen sha'awace-sha'awace. Horo kuwa ba a yin sa dare ɗaya.

Masu cewa hali zanen dutse su sake karanta Afisawa 4:28. Ba a tsaya ga cewa ɓarawo ya daina sata ba. An ce ya yi aiki da hannunsa har ya sami abin da zai ba mabukaci. Hannun da ke ɗauka ya koma hannun da ke bayarwa, nan alheri yake nufin kai shi. Masu gaggawa kuma su duba 1 Timoti 3:6 da 3:10: kada a ɗora sabon tuba a kan shugabanci, masu hidima kuma a gwada su tukuna.

Ku dubi yadda aka bi da Bulus. Ya fara shaidar Yesu a Dimashƙu nan da nan, ba wanda ya hana shi cikin almajirai. Amma sai bayan shekara uku ya je Urushalima, ya tarar almajirai na tsoronsa, har Barnaba ya kama hannunsa ya kai shi gaban manzanni ya tsaya masa. Daga nan ya koma Tarsus, Barnaba ya sake bin sawunsa ya kawo shi Antakiya, suka yi shekara guda suna koyarwa tare. Sai bayan wannan aka danƙa masa kuɗin gudummawar 'yan'uwan Yahudiya, kuma ko a nan su biyu aka aika (Ayyukan Manzanni 11:25-30).

Don haka ku fara da nema masa Barnaba nasa: namiji guda, dattijo mai riƙe sirri, wanda za su riƙa zama sau ɗaya a mako, ko da minti arba'in ne. Zaman ba wa'azi ba ne. A tambaye shi nawa ya samu a makon, nawa ya kashe, wa yake binsa bashi, da su wa yake hira da dare. Inda wannan tsari yakan lalace shi ne a ce “dattawa duka za su kula da shi”. Abin da aka bar wa kowa, ba mai yin sa.

Sai mayar da haƙƙi, wanda yawancin ikilisiyoyi ke tsallakewa don nauyinsa. Zaman Nsawam ya biya hukuma, bai mayar wa maigidan ko sidi ɗaya ba. A rubuta adadin kuɗin a takarda. Shi da dattijon nan su je wurin mutumin, ya faɗi laifinsa da bakinsa ba tare da kawo dalilai ba, a yanka abin da zai iya biya kowane wata. In bashin sidi 12,000 ne, yana iya 300 a wata, wata arba'in ke nan. Ba laifi, muddin ba ya fashi. Ya riƙa turawa ta MoMo, wato hanyar aika kuɗi ta waya, don shaida ta zauna a waya. Kada ya ci bashin ruwa don ya biya gaba ɗaya ya burge mutane, rami ne ya fi na farko zurfi. Kada kuma ku ɗora masa ninki huɗu don Zakka ya yi haka a Luka 19:8. Daga bakin Zakka alkawarin ya fito, ba wanda ya yanka masa. In maigidan ya ce ba ya son ganinsa, kada a matsa. Wanda aka cuta yana da ikon ya ƙi, sai a aika kuɗin ta hannun wani.

Aiki kuwa, ku ba shi tun wannan Lahadi, amma nesa da inda ya faɗi. Shirya kujeru, kula da na'urar sauti, rakiyar fasto ziyarar gidan yarin da ke Adum, inda maganarsa za ta shiga kunnen da taku ba za ta shiga ba. Iya lissafinsa ma kada ya tafi a banza: ya koya wa matan da ke sana'a yadda ake rubuta shiga da fita. A ganinmu, shekara biyu yana biyan bashi ba fashi, yana riƙe ƙaramin aiki ba sai an bi shi ba, ta isa a fara zancen babban matsayi. Ba aya ce ta yanka shekara biyun ba, shawara ce. Amma ku faɗa masa wa'adin a fili, ku sa ranar da za ku sake zama. Mutumin da aka bari yana jiran abin da ba shi da rana, yakan karaya ya koma wurin tsofaffin abokai, su ba sa sa shi jira.

Game da ma'aji, gyaran na kowa ne. Mutum biyu da ba dangi ba su ƙirga baiko a cikin majami'a kafin a watse, su sa hannu a takarda ɗaya, a kai banki ranar Litinin, fitar da kuɗi sai da sa hannun biyu cikin uku, layin MoMo na ikilisiya kada ya zauna a wayar mutum ɗaya. Bulus kansa ya tafi da abokan rakiya a kan kuɗin gudummawa don kada a sami abin zargi (2 Korantiyawa 8:20-21). In tsarin nan ya kafu, ranar da kuka ba ɗan'uwan nan littafin kuɗi ba wanda zai kasa barci, har shi kansa.

Tambaya, daga wata 'yar'uwa a Nima, Accra: Na yi zaman kaina shekaru kafin Ubangiji ya same ni. Shekara biyar ke nan da baftismata, ina sayar da waake, ina cikin zumuntar mata. An ce in shiga mawaƙa, amma na ji wata tana cewa wadda duk unguwa ta san ta ba za ta tsaya gaban jama'a ba. Dole ne in tashi in faɗi tarihina duka kafin a karɓe ni?

Amsa: 'Yar'uwa, ba dole ba ne. Furta zunubi ga Allah ake yi, da wanda aka yi wa laifi, da kuma mai kiwon da ke kula da ke. Taron Lahadi ba ya bin ki bashin labarin nan. Shaidar da ake ja wa mutum a gaban jama'a da sunayen wurare da na mutane, sau da yawa abincin 'yan gulma take zama, yaranki kuma su ne za su ji ta a makaranta. In kin so ba da shaida, jimla uku sun isa: inda kike a dā a taƙaice, yadda Almasihu ya same ki, abin da ya canja.

Shekara biyar a unguwar da kowa ya san kowa, gwaji ne da ya fi na kowane kwamiti. Matan da ke sayen waake a wurinki sun riga sun ga rayuwarki. Ki je wurin fasto tare da shugabar zumuntar mata, ki faɗi abin da kika ji ba tare da kin nemi a hukunta kowa ba. Aikinsu ne su ja mai maganar gefe. Su tuna mata 1 Korantiyawa 6:9-11, inda Bulus ya jera masu fasikanci da ɓarayi da mashaya, ya ce wa ikilisiyar haka waɗansunsu suke a dā, amma an wanke su. Sunan Rahab kuma yana cikin asalin Yesu a Matiyu 1:5. Ki shiga mawaƙan. Abu ɗaya da za mu ƙara: in gwajin waƙa na kaiwa dare, ki riƙa komawa gida tare da wata, don ki toshe bakin masu neman abin faɗa.

Tambaya, daga wani shugaban matasa a Aboabo: Mai kaɗa mana ganga ya bar shan ƙwayar tramol shekara guda, yanzu ya koma. A kore shi?

Amsa: Ɗan'uwa, a sauke shi daga ganga, kada a sauke shi daga benci. Abin tambaya na farko: shi ya kawo kansa ko kama shi aka yi? Wanda ya zo da ƙafarsa ya faɗa, ya riga ya yi rabin tafiya. A ba shi hutun wata uku zuwa shida, a faɗa masa ranar da za a sake dubawa, wani ya riƙa ɗauko shi zuwa sujada, domin kunya ce ke fara korar irinsu kafin ƙwaya ta ƙarasa.

Addu'a da asibiti tare za su tafi. Tramol da ake sayarwa a lungu yakan kai miligiram 225 ko 250, alhali wanda hukuma ta amince da shi 50 ne da 100. Mai yawan sha yana iya faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya, wanda kuma ya yanke shi farat ɗaya zai sha zufa, ciwon jiki, gudawa da rashin barci, har ya koma don ya sami sauƙi. Kada ku kulle shi a ɗaki da azumi. Ku kai shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na asibitin Komfo Anokye, likita ya tsara yadda za a rage masa. Ku bincika kuma me ya mayar da shi. In aikin ƙarfi yake yi, lodi ko tuƙin babur daga asuba zuwa dare, da ƙwayar yake danne gajiya, kuma muddin aikin bai canja ba za a sake komawa gidan jiya. Yohanna Markus ya gudu ya bar aiki a Bamfiliya har Bulus ya ƙi tafiya da shi, daga baya Bulus ɗin ne ya aika a kawo masa shi don yana da amfani (2 Timoti 4:11).

Tambaya, ba suna: Wanda ya taɓa lalata da yaro, ya tuba da hawaye, zai iya koyarwa a makarantar Lahadi?

Amsa: A'a, ko bayan shekara ashirin. Jinin Almasihu ya isa ya wanke shi, amma ba a gwada tubar mutum da jikin yaro. An gafarta wa Dawuda, sakamakon abin da ya yi kuma bai bar gidansa ba (2 Sama'ila 12:13-14). Ya yi sujada cikin manya, a ba shi aikin da babu yara a ciki, dattawa biyu su san tarihinsa, kada a bar shi shi kaɗai da yaro ko a harabar majami'a. In kuma laifin bai taɓa zuwa gaban hukuma ba, ba maganar da za a kashe a ofishin fasto ba ce. A kai ta ofishin DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida da taimakon waɗanda aka cuta, a fara neman yaron da iyayensa a ga halin da suke ciki.