Me ya sa katin hoton Honus Wagner ke da tsada haka?

Malam, ka tambayi yadda aka yi katin Honus Wagner, ɗan wasan besbol (wasan bugun ƙwallo da sanda na Amurka), ya kai dala miliyan 7.25 a 2022. Ai mutumin ba kanwar lasa ba ne. Yana shekara 12 yake haƙar kwal, ya shiga babbar gasar besbol a 1897 da ƙungiyar Louisville, sannan ƙungiyar Pittsburgh daga 1900 har 1917. Shi ke tsare gibin da ke tsakanin tasha ta biyu da ta uku, cikin tashoshi huɗu da mai bugu ke zagayawa a fili. Ga ƙafar baka, ga manyan hannaye, ƙwallo da tsakuwa yake kwasowa tare ya wurga. Sau takwas yana zarce kowa a gasarsu wajen bugun ƙwallo da sanda.

Katin kuwa, kamfanin taba ne ya saka a kwalin sigari, Wagner ya hana, shi ya sa 'yan kaɗan suka fita.