Tambayi Baba Rabaran: "Ban taɓa ta ba, amma na kasa cin Jibin Ubangiji"

TAMBAYA

Baba Rabaran, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙo a sakaya sunana. Ni mutumin ƙasar Zuru ne, shekarata 34, ina aiki a wani kamfanin casar shinkafa a Birnin Kebbi. Matata da yaranmu uku suna gida wajen Dabai. Da can duk ƙarshen wata nakan je, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota ya fi ƙarfina, sai in yi wata biyu ko uku ban leƙa ba. A gidan hayar da nake akwai wata 'yar'uwa mai bi, 'yan bindiga sun kashe mijinta a yankin Danko-Wasagu, yanzu abinci take sayarwa. A wurinta nake cin tuwon dare. Da farko gaisuwa ce kawai, sai ta fara aiko mini da ayar safiya a WhatsApp, yanzu kuwa sai mu kai ƙarfe ɗayan dare muna hira ta waya, alhali ɗaki biyu ne tsakaninmu. Allah shaida ko hannunta ban taɓa riƙewa ba. Amma tana cikin raina ko ina cikin sujada. In zan tafi gida nakan goge hirar. Na yi azumin kwana uku ba ci ba sha, abin bai tafi ba. Da na karanta Matiyu 5:28, inda Yesu ya ce duk wanda ya dubi mace da sha'awa ya riga ya yi zina da ita a zuciyarsa, sai na ga kamar na riga na yi zina, shi ya sa na daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa a sujada don tunawa da mutuwar Yesu. Baba, na faɗi ke nan? In na riga na faɗi, me ya rage? Kuma in gaya wa matata?

Wani ɗanka a Birnin Kebbi

AMSA

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka yi magana tun ƙafa ba ta taka ba. Zan fara da tambayarka ta tsakiya, domin ita ce mai guba. "In na riga na faɗi, me ya rage?" Wannan ba muryar tuba ba ce. Muryar da ke ce wa mutum tun da laifin ya riga ya hau kanka, ai gara ka ƙarasa ka san dalilin horon. Maza da yawa da na zauna da su a ofishin majami'a ta wannan ƙofa suka shiga. Abin da ya rage maka yana da yawa: aurenka, mutuncin baiwar Allah nan, da 'ya'ya uku da ba su san komai ba. Yesu bai faɗi maganar Matiyu 5:28 don ya ce kallo da aikatawa duk ɗaya ne ga mutanen da za a cuta ba. Ya faɗe ta ne don masu cewa "ai ban taɓa ta ba" su san cewa Allah yana duba abin da ake dafawa a ciki tun kafin a sauke.

Jaraba ita kanta ba zunubi ba ce. Ibraniyawa 4:15 ta ce an gwada Ubangijinmu ta kowace hanya kamar mu, amma bai yi zunubi ba. Namiji mai lafiya, ya yi wata uku ba iyalinsa, mace ta miƙo masa tuwo da fara'a, ya ji wani abu ya motsa a ransa: wannan ba faɗuwa ba ce, jiki ne. In fuskarta ta faɗo maka a rai kana tsakiyar waƙa a sujada ba kai ka kirawo ta ba, ba a rubuta maka laifi ba. Yakubu 1:14-15 ta jera yadda abin ke tafiya daki-daki. Sha'awar mutum ta ja shi, ta ruɗe shi, sannan ta yi ciki ta haifi zunubi, zunubin ya girma ya haifi mutuwa. Tsakanin jan da haihuwar akwai lokaci, kuma a cikin lokacin nan mutum yana da ta cewa.

To, kai a ina kake? Ba zan shafa maka mai a baki ba. Ba a tunanin da ke zuwa maka cikin sujada ka yi laifi ba. A jimlar nan ce da ka rubuta ka wuce kamar ba komai: "In zan tafi gida nakan goge hirar." Wanda ke goge hira kafin ya shiga motar zuwa gida ya san abin da yake yi. Ayar safiya ba ta bukatar gogewa. Ka riga ka gina wani ɗaki a rayuwarka da matarka ba ta da izinin shiga, kana kuma share shi da hannunka. Wannan ne abin tuba, kuma yana da sauƙin kamawa fiye da tunani, domin kana iya nuna shi da yatsa ka ce ga shi, ka kuma daina shi yau.

Ka buɗe 2 Sama'ila sura 11 ka karanta a hankali. Lokacin da sarakuna kan fita yaƙi ne, Sarki Dawuda ya tura Yowab, shugaban sojojinsa, shi ya zauna a Urushalima. Da yamma ya hau soro, ya hango mace tana wanka. Har nan ba a ce ya yi laifi ba. Sai ya aika a binciko ko wace ce. Aka dawo aka ce masa Bat-sheba ce, matar Uriya Bahitte, sojansa da ke bakin daga a wannan lokacin. Ya ji, ya sani, sannan ya aika a kawo ta. Sau nawa hanyar fita ta buɗe masa ya wuce ta? Manzo Bulus ya ce a 1 Korantiyawa 10:13 Allah ba ya bari a gwada mu fiye da ƙarfinmu, tare da gwajin yakan buɗe mafita. Abin da ba mu cika faɗa a wa'azi ba shi ne, mafitar nan ta fi faɗi da wuri. Ƙarfe bakwai na yamma, lokacin da kake zaɓen inda za ka ci tuwo, ƙofar a buɗe take wangalam. Ƙarfe ɗayan dare a watan Afrilu, zafin Birnin Kebbi ya koro kowa tsakar gida, an ɗauke wuta, waya tana hannunka, ƙofar ta tsuke sai ikon Allah.

Shi ya sa Yusufu bai jira wannan sa'ar ba. Kowa ya san ya bar rigarsa a hannun matar Fotifar ya fita da gudu. Amma aya ta 10 ta Farawa 39 ta fi muhimmanci a gare ka: kowace rana tana yi masa magana, shi kuwa ya ƙi kwana da ita, ya ƙi ko zama tare da ita. Gudun ranar ƙarshe ya yiwu ne saboda ƙin zaman sauran ranaku. Ka lura kuma da wani abu. Game da Iblis, Yakubu 4:7 ta ce ku yi tsayayya da shi, zai guje muku. Game da fasikanci kuwa, 1 Korantiyawa 6:18 cewa ta yi ku gudu. Mu mutanen Zuru, da muka cika barikokin soja, ba ma son a ce mana mu gudu. Amma a wannan yaƙin kaɗai, mai tsayawa ya gwada ƙarfinsa shi ake ɗaukowa a makara.

Na ambaci matar Fotifar, to kada ka ɗauka da ita nake kwatanta maƙwabciyarka. Sam. A duk wasiƙarka ka auna zuciyarka sau da yawa, ba ka auna tata ko sau ɗaya ba. Mace ce da aka kashe wa miji, ta bar garinsu, tana tsaye a kan murhu tun asuba. Da dare wani namiji mai hankali, mai zuwa sujada, yana sauraron damuwarta har ƙarfe ɗaya. Me kake tsammani take ginawa a ranta? Kai kana da inda za ka koma. Ita fa? Ran da magana ta fita a gidan haya, ita za a kira da suna marar daɗi, ita za a daina sayen abincinta, ita za ta kasa ɗaga ido a Zumuntar Mata. Bulus ya gaya wa Timoti ya ɗauki 'yan mata kamar 'yan'uwansa na ciki ɗaya, da dukkan tsarki. Da ƙanwarka ce gwauruwa a wani gari, wani magidanci yana hana ta barci da hira, me za ka ce masa? Tsarkin zuciya bai tsaya ga yadda kake jin kanka ba. Ya haɗa da kada ka ɗumama kaɗaicinka da rayuwar wani.

Batun azumi. Ban hana ka ba, Ubangiji da kansa ya yi na kwana 40 kafin Shaiɗan ya zo masa. Amma ka wahal da cikinka kwana uku, ran na huɗu ka sha ruwa da kunun wa? Kolosiyawa 2:23 ta yi kashedi cewa gallaza wa jiki yana da kamannin hikima, amma ba ya kashe sha'awa. Ikkilisiya ta daɗe da gane haka. A taron Nikiya na shekarar 325, dokar farko da shugabanni suka kafa ita ce duk wanda ya dandaƙe kansa da gangan ba zai riƙe aikin ikkilisiya ba, domin akwai waɗanda suka zaci da wuƙa ake samun tsarki. Hannun da Matiyu 5:30 ta ce ka yanke, a wurinka, lamba ce a waya da kwanon tuwon dare. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430, ya faɗa da kansa cewa yana saurayi yakan roƙi Allah ya ba shi kamun kai, amma ba yanzu ba. Wanda ke azumi bai taɓa wayarsa ba, addu'ar nan yake yi ko bai furta ba.

Ga abin da zan ce ka yi. Ka same ta da rana, a bainar jama'a, ba ta waya ba. Ka ce mata, "'Yar'uwa, hirar daren nan ba ta dace da ni ba, ba ta dace da ke ba, kuma laifina ne. Daga yau na daina." Kada ka yi mata wa'azi, kada ka kuma gaya mata yadda take ranka, domin wannan ba furci ba ne, neman aure ne a fakaice. Ka biya duk bashin abincin da take binka har kobo. Ka canza wurin cin tuwo, ko ka sayi risho ka koyi dafa taliya. In kuɗin hayarka ya ƙare, ka tashi daga gidan, in kuma da hali ka haɗa ɗaki da wani ɗan'uwa. In kana tausayin halin da take ciki, kuma ya kamata ka ji, ka sanar da shugabar Zumuntar Mata cewa akwai gwauruwa mai bukatar kulawa. Su ne aikin ya fi dacewa da su.

Sannan ka cike gurbin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, naka tsagin kuwa sunansa wata uku ba gida. Datar da kake ƙonawa har ƙarfe ɗaya, matarka ba ta da waya ne? Kira ta a wannan lokacin, ka ji wa ya yi zazzaɓi, wa malamin makaranta ya kora. Ku zauna ku yi lissafi, ko da za a rage wani abu, a samu kuɗin motar wata-wata, ko ita ta riƙa zuwa in an yi hutun makaranta. 1 Korantiyawa 7:5 ba ta yarda ma'aurata su nisanci juna ba sai da yardar juna kuma na ɗan lokaci, ta ba da dalili: don kada Shaiɗan ya jarabce ku. Kakanninmu sun yi shekara bakwai suna golmo a gonar suruki kafin a ba su mata. Hanyar Jega zuwa Mahuta ba ta kai wannan wahala ba.

Ka gaya wa matarka? Ra'ayina, i, amma ba yau ba kuma ba ta waya ba. Ka fara yanke abin, ka sami dattijon ikkilisiya ɗaya mai riƙe baki ka gaya masa komai, ka ba shi izini ya riƙa tambayarka duk Lahadi. Bayan haka, kana gida, yara sun yi barci, ka gaya mata a taƙaice: na saba hira da wata fiye da kima, na ɓoye miki, ban taɓa ta ba, na daina, ki gafarta mini. Kada ka juye mata kowane tunanin da ya taɓa ratsa kanka don kai ka ji sauƙi ita ta kwana da nauyin. Za ta yi fushi, hakkinta ne. Ka miƙa mata wayar ba a kulle ba.

Jibin Ubangiji kuwa, 1 Korantiyawa 11:28 cewa ta yi mutum ya gwada kansa, sannan ya ci. Ba ta ce ya gwada kansa ya gudu ba. Ka yi abin da na faɗa a makon nan, ka yi addu'ar Dawuda ta Zabura 51, ka gaskata alkawarin 1 Yahaya 1:9 cewa mai furta zunubinsa ana gafarta masa ana kuma tsarkake shi, ka matso teburin. Tunanin ba zai ɗauke rana ɗaya ba. In ya zo, kada ka tsaya kokawa da shi ko zagin kanka. Ka yi mata addu'a a matsayin ƙanwa, ka tashi ka kama wani aiki.

TAMBAYA

Baba, ni mai awon hatsi ce a Gusau. Kusan duk layinmu kowa yana da mudu biyu, na saye da na sayarwa, an bubbuge gindin ɗayan. Ni kaɗai nake awo da ɗaya, riba ba ta kai ta kawo. Maƙwabciyata ta ce in bari ta kai mini nawa wurin maƙeri. Raina ya fara karkata.

Wata 'yarka a Gusau

AMSA

'Yata, wannan ba ya bukatar dogon bayani. Maimaitawar Shari'a 25:14 ta hana mutum ya ajiye mudu iri biyu, babba da ƙarami, ko a cikin gidansa, balle a kasuwa. Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji. Ba zan yi miki alkawarin za ki fi su ciniki ba, Yusufu ma kurkuku gaskiyarsa ta fara kai shi. Amma ba laifi ba ne ki ƙara kuɗi a kan cikakken mudu ki faɗa a fili, ki bar mai saye ya zuba awon wata a naki ya gani da idonsa. Ki nemi masu gidajen abinci da masu tuyar masa, su ne ke lura da awo domin a kansa suke lissafi. Ki gode wa maƙwabciyarki, ki ce mata a'a sau ɗaya ba tare da gori ba, kuma kada ki bar mudunki ya kwana a rumfarta.