Akwatin giyar Hilux ɗina yana gurnani, an ce in zuba mai kauri

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da tsohuwar Hilux mai giya biyar, da ita nake jigilar masara daga Funtuwa zuwa Dawanau. Wata biyu ke nan akwatin giya yana gurnani. In mota tana firi ina jin ƙarar, da na taka kuloci sai ta ɗauke. A kan hanya tana kuka a ta biyu da ta uku da ta biyar, amma a ta huɗu shiru. Wani makanike ya ce a zuba mai lamba 140 a haɗa da giris, za ta kai ni bayan kaka. Da motar nan nake ciyar da iyali, hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ai ka riga ka yi rabin binciken. Da boris ɗin kuloci ne, sai ka taka zai yi kuka. Naka kuwa takawar ce ke kashe ƙarar, domin ita ke tsayar da sandar gaba, wadda ke shigo da ƙarfin inji cikin akwatin. Ta huɗu kuma ƙarfi kai tsaye yake wucewa, sandar ƙasa, wadda sauran giyoyi ke bi ta kanta, tana juyawa ba kaya a kanta. Saboda haka boris ɗin sandar gaba ne, ko na sandar ƙasa, galibi ma duka.

Maganar mai 140 da giris kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kusan kullum sai an kawo mini akwatin da aka yi wa wannan aika-aika. Boris ɗin da ya ci, ya ci. Fatar ƙarfensa ta ɓare, ƙwayoyin suna birgima a kan ramuka. Mai kauri toshe maka kunne kawai yake yi, ɓarnar tana nan tana tafiya. Har ƙara ta yake yi: ƙananan boris masu kama da allura da ke ƙarƙashin giyoyi ta ƴan ramuka suke shan mai, kuma da asubahin hunturu 140 kamar zuma yake, ba ya isa gare su. Zobban tagulla masu daidaita gudun giyoyi ma ba sa kamawa, sai ka ji giya tana ƙarat in za ka sa ta biyu. Giris kuwa gefe yake maƙalewa ya riƙe garin ƙarfe. Akwai ma dillalan da ke zuba garin katako kafin su sayar da mota, Allah Ya shirye su. Ranar da kejin boris ya fashe, sanda ta karkace, haƙori ya hau haƙori, akwatin na iya cijewa. Hilux da ƙafar baya take ja, to tayoyin baya ne za su ƙame, kana gudu da buhu a sama. Taka kuloci ba lallai ya cece ka ba. Wanda ya ba ka shawarar nan yana garejinsa a lokacin.

Yau ɗin nan a kwance murfin tsiyayar mai a dubi maganaɗisun da ke jikinsa. Laushin baƙin gari ba komai ba ne. In ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli kamar ɓawon kifi, kada ta sake ɗaukar kaya.

In an sauke akwatin, a canza boris duka, da sil da gasket, har da ƙaramin da ke bayan inji inda hancin sanda ke shiga. Da fula, wato ƙarfen zaro boris, ake cirewa, da injin matsa ake sawa. Ka ga guduma ta nufi sabon boris, ɗauke kayanka. A kasuwar Ƙofar Ruwa za ka sami boris na kamfanonin Koyo da NSK da Nachi, sai dai jabu ma da kwalinsu yake zuwa, don haka ka tafi da tsohon a gwada lamba, ka guji mai arha fiye da kima. Mai kuma 75W-90, a zuba har ya taɓo bakin ramin gefe.