Ina ake sa "at" da "badly" a jimlar passive?

Ka tambayi dalilin da malaminku ya soke "He was laughed by his friends". Gaskiyarsa. Aikatau irin su laugh at da look after ba sa rabuwa da ɗan harafinsu ko an juya jimlar zuwa passive (wato jimlar da ke farawa da wanda aka yi wa aikin), don haka a ce "He was laughed at by his friends". Kada ganin at da by a jere ya tsorata ka, daidai ne. Muna yawan yar da harafin ne saboda a Hausa "an yi masa dariya" ta wadatar.

Kalmar da ke nuna yadda aka yi abu kuwa, ta fi zama dab kafin aikatau: "The baby was badly looked after". Amma never da always bayan mataimakin aikatau na farko (kamar has) suke shiga: "It has never been repaired".