Ga mai tambaya kan bin gingimari zuwa Agadas da Dirku

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka, na kasa wuce ta. Ka ce maigidanka ya ce ka shirya ka bi gingimari a matsayin yaron mota, lodin gero daga nan Sakkwato zuwa Agadas, in ciniki ya yi kyau ku zarce Dirku, kai kuwa ba ka taɓa wuce Kwanni ba. Kana son sanin abin da za ka riƙa, kuma ka je ko kada ka je. Na ga 'yan'uwa sun ce ka sayi bargo da tabarau. Gaskiyarsu, ka saya. Amma ni inda ya sosa min rai shi ne da ka ce ba ku yi maganar kuɗi ba, wai ya ce sai kun dawo za a gani. Wallahi da irin wagga magana anka ɗora ni a kan hanyar nan.

Kada ka taka tayar motar nan sai an zauna. Ka nemi dattijo guda a tasha, wanda mai mota yake jin nauyinsa, a haɗa ku da direba a gabansa. A faɗi nawa za a ba ka. A faɗi in mota ta lalace a daji wa zai zauna da ita, da ruwa nawa, da kuɗi nawa a aljihunsa, kuma in kaya sunka ɓace ko sunka lalace a wuyan wa suke. Za su ce ka cika tsirfa, za su ce kana yi wa tafiya mugun baki. Bar su su faɗa.

Zuwa Agadas ba shi ne abin tsoro ba, wahala ce kawai. Illela kilomita 80 da 'yan kai ce daga nan, sai Kwanni, sai Tawa, daga Tawa kuma wajen kilomita 400 ta Abalak kafin ka hango hasumiyar masallacin Agadas. Kwalta ce da sunanta, amma a lokacinmu akwai wuraren da gara ka sauka gefe ka bi turɓaya, don ramukan suna karya sifirin. Takardunka su cika, katin ɗan ƙasa da na rigakafi, ka canja sefa tun a Illela, ka riƙe ƙanana, don jandarma da duwan, wato kwastan, ba su da canji. Akwai garuruwa, akwai rijiyoyi, akwai masu faci, in kun tsaya wani zai zo. Bayan Agadas kuwa kwalta ta ƙare. Sama da kilomita 600 ne zuwa Dirku, rairayi da sawun taya, iska in ta taso ta shafe sawun ma.

Mu a can abin ya same mu, gaba da wurin Bishiyar Tenere, inda anka kafa ta ƙarfe bayan wani direba ya buge ta ainihin a 1973. Marsandi ce tsohuwa, an yi mata lodin da ya fi ƙarfinta, don mai mota yana son ya ci riba biyu a tafiya ɗaya. Muna ta kafewa, muna tona da shebur, muna sa faranti ƙarƙashin taya, direba yana ta danna mata, har kulochi ya ƙone. Na ji ƙaurinsa kafin ya gaya mana. Ayari ya ɗan jira, sojojin rakiya sunka ce ba za a tsayar da mutane saboda mota ɗaya ba, kuma ban ga laifinsu ba. Direba ya ce zai bi wata mota ya samo kayan gyara ya dawo, jibi ko gata. Ya ɗauki jakar kuɗin hanya, ya ɗauki jarkar ruwa mai kyau, ya bar ni da wani yaro ɗan Gwadabawa da bai kai ni shekaru ba, da rabin duron ruwa. Duron nan an taɓa zuba gas a cikinsa. Direba ya sani, don shi ya sa anka cika shi.

Ƙanena, ban iya kwatanta maka zaman nan ba. Da rana muna kwance ƙarƙashin mota, muna bin inuwa tana juyawa, ƙarfe ba ya taɓuwa. Da dare sanyi har cikin ɓargo. Ruwan in ka sha ya dawo maka da warin gas, ciki ya murɗa, yaron nan ya fara gudawa, wadda ita ce ke kashe mutum da sauri a can. Jibi ta wuce, gata ta wuce, na daina ƙirga. Da marfin buta nake auna mana ruwa. Taimama muke yi. Akwai daren da ya tashi yana cewa yana jin kiran sallar masallacin Shehu, zai tafi kada ya rasa jam'i. Na kama shi, na ɗaure ƙafarsa da tawa da igiyar tamfol, yana kuka yana zagina, yana kiran innarsa. Har yau in na ji warin gas a ruwa hannuna rawa yake yi. Wasu Tubawa ne a Toyota Allah ya jefo mana, sunka ba mu ruwa da dabino, sunka jiƙa wa yaron gishiri da sukari. Na sauke musu gero daga lodi, ba su roƙa ba, ni na ga ya kamata. Su ne sunka kai labari, har ayari na gaba ya zo da makaniki.

To ka san inda direban nan yake duk wanga lokaci? Ya samu mota ya koma Agadas, yana kwana a ɗaki, ya aika wa mai mota cewa yara suna nan lafiya da isasshen ruwa. Ko da munka dawo Sakkwato, fatar bakina ba ta gama warkewa ba, mai motar nan da na yi wa hidima tun ina ƙarami, nake wanke masa mota, nake kai cefane gidansa, bai ce min sannu ba. Gaban mutane ya fito da takardar lodi ya ce buhunansa ba su cika ba. Ya cire kuɗinsu daga haƙƙina, ya ce ma ni ke da sauran biya. Direba yana tsaye yana kallon ƙasa. Innata kuwa kullum sai ta taka da ƙafa zuwa tasha tana tambaya, ana ce mata muna hanya. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwa, amma tafiyar da tsohuwar nan ta riƙa yi cikin rana ina nan da ita a zuciya, sai mun tsaya gaban Allah. Yaron nan bai ƙara shiga mota ba, albasa yake nomawa yanzu.

Saboda haka ruwanka ya zama naka. Jarka sabuwa, ka wanke ta da hannunka, ka naɗe ta da buhu ka ɗinke, ka ɗaure inda idonka yake. In ka samu salka, ta fi sanyaya ruwa. Mutum guda a zafin Afirilu da Mayu, in yana tonon rairayi, lita 5 ba ta isarsa a yini. Ka riƙe gishiri da sukari, ko ƙullin nan na asibiti da ake ba masu gudawa. Garin kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino. Rawani ya fi hula, Buzaye ba don ado suke naɗa shi ba. Kuma in mota ta mutu, kada ka bar ta ka ce za ka taka. Ka tuna mutum 92 da anka tsinci gawarsu a arewacin Arlit a watan Oktoban 2013, yawancinsu mata da yara. Motocinsu ne sunka lalace, ƙishirwa ta same su a warwatse suna neman rijiya. Mota ana hango ta daga nesa, mutum ɗaya a rairayi ba a ganinsa.

Ka duba motar da kanka ma. Safaya nawa, akwai faranti da shebur, akwai famfon iska, don a rairayi sai an rage iskar taya sannan a mayar in an hau ƙasa mai tauri. Ka tambaya ko akwai farantin kulochi na ajiya. In direba ya ɓata rai don ka tambaya, ka san da wa za ka yi tafiya. Kuma wa ke riƙe da Turaya, wayar nan ta tauraron ɗan'adam, a ayarin, don wayarka ta aljihu ba ta da amfani bayan Agadas.

Wani abu kuma, kada ka yarda a ɗora muku fasinja masu zuwa Libiya a kan lodi ba da saninka ba. Dokar Nijar ta 2015 da ta hana safarar baƙin haure ta sa an kama direbobi da yawa a Agadas an ƙwace motoci. An soke ta a ƙarshen 2023, amma ko babu doka, ruwan da anka auna wa mutum uku ba zai ɗauki talatin ba. Iyaka ma ka san halinta, an rufe a 2019, an sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, mutane nawa sunka maƙale da kaya a Kwanni har kuɗin abinci ya ƙare musu. Ka ɗinke kuɗin motar dawowa a cikin wando, wanda ko direba bai san da shi ba.

Ba zan ce maka hanyar ba ta da daɗi ba. Shayin dare da direbobin Agadas, cuku da dabino, a shimfiɗa tabarma bayan isha'i ana hira da Hausa da Buzanci, na samu abokai a can da har gobe muna gaisawa. Agadas ka je, in an yi zaman nan da na faɗa maka. Dirku kuwa a tafiyar farko ban ba ka shawara ba, sai ka ga halin direban nan a hanyar Tawa tukuna, yadda yake raba abinci, da yadda yake yi in taya ta fashe. Ka kai mahaifiyarka ta ga dattijon da anka yi magana a gabansa, ta san wanda za ta tambaya. Sannan ka dawo nan ka gaya mana wace irin mota ce da watan da za ku tashi, akwai waɗanda sunka bi hanyar bayana, su faɗa maka halin tsaro na yanzu.